Kura da Shan Bugu: Tarihin Rosetta Tharpe, Uwar Kiɗan Rok-an-rol

Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, wadda ke murza ƙuli-ƙuli kada ta tsaya, kunne kawai nake roƙo.

Yau doguwar tafiya za mu yi muna zaune cikin ɗakunanmu. Amurka za mu je, mu ji tarihin wata baƙar mata makaɗiya mai suna Rosetta Tharpe. Na san wata za ta ce, "Haba baiwar Allah, mu da ke cikin kulle, ina ruwanmu da makaɗiyar Amurka?" Yi haƙuri 'yar'uwa, ki saurara har ƙarshe. Ban kawo labarin nan don ki saya wa ɗiyarki kayan kiɗa ba. Addininta daban da namu, al'adarta daban, sana'arta ma daban. Amma akwai abu guda a rayuwar wagga mata da kowace mace ta san zafinsa a jikinta, wato ki yi aiki, wani ya tafi da sunan.

Bari mu fara da kiɗan kansa. A tsakiyar shekarun 1950 wani sabon kiɗa ya ɓulla a Amurka, ya bazu duniya kamar wutar daji, ana ce masa rok-an-rol. Kiɗa ne mai sauri da ƙarfi, kuma jigonsa ita ce jita mai lantarki. Ita jita, in ba ki taɓa ganinta ba sai a talabijin, ki ɗauka babbar yayar molo ce. Tsirkiya shida gare ta, ana rataya ta a kafaɗa, ana kaɗawa da yatsu. Mai lantarkin kuwa, jona ta ake yi da waya zuwa lasifika, sai amonta ya cika fili. In kika tambayi mutanen can su wa suka kafa wannan kiɗa, za su ce miki Elvis Presley, wanda har suka naɗa shi sarkin rok-an-rol, da Chuck Berry, da Little Richard. Duka maza. Elvis ya fitar da faifansa na farko a 1954, Chuck Berry ya yi fice a 1955. To ki riƙe wannan lissafi: Rosetta ta ɗauki nata faifan na farko a 1938, lokacin Elvis yana ɗan shekara 3.

An haife ta ranar 20 ga Maris, 1915, a wani ƙaramin gari da ake kira Cotton Plant, cikin jihar Arkansas a kudancin Amurka. Sunan garin ma itacen auduga yake nufi, kaɗa ke nan a bakinmu na nan, kuma tsinkar kaɗa a gonaki ita ce sana'ar iyayenta. Shekara 50 kacal ke nan da haramta bauta a ƙasar, domin a 1865 aka haramta ta. Bautar ta ƙare a takarda, amma dokokin wariya suka maye gurbinta. A jihohin kudu, baƙar fata ba ya shiga makaranta ɗaya da farar fata, ba ya kwana masauki ɗaya da shi, ko famfon shan ruwa kowa da nasa.

Su waɗannan baƙaƙe na Amurka, kakanninsu daga Afirka aka kwashe su a jiragen ruwa, da yawansu daga nan yammacinta. Ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da abin da ke cikin ka. Sun tafi da waƙar da mutum ɗaya ke bayarwa sauran su amsa, irin wadda kuke yi wurin daka da niƙa. Sun kuma tafi da sanin yadda ake rufe ƙwarya da fata a ɗaura mata tsirkiya, daga nan aka samu wani abin kiɗa nasu mai suna banjo, wanda masana suka tabbatar dangin su molo da gurmi ne na ƙasashenmu. Saboda haka in kika ji kiɗan Rosetta, kunnenki ba zai ce baƙo ne sarai ba.

Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, ita ce malamarta ta farko. Mace ce mai wa'azin addinin Kirista, mawaƙiya, tana kuma kaɗa mandolin, wata 'yar ƙaramar molo ta Turawa. Ɗariƙar da take bi, mai suna Church of God in Christ, ta baƙaƙe ce, kuma ta bambanta da sauran coci-coci na lokacin ta wajen yarda da kiɗa da tafi a wurin ibadarsu, da ba mata damar koyarwa da waƙa. A nan yarinya ta buɗe ido. Tana 'yar shekara 6 ta riga ta fara tsayawa gaban jama'a da jita, har an ce bisa tebur ake ɗora ta don na baya su hango ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A shekarun 1920 uwa da ɗiya suka bar kudu suka koma birnin Shikago a arewa. Ba su kaɗai suka yi wannan ƙaura ba. Tsakanin shekarun 1910 da 1970, baƙaƙe kusan miliyan 6 suka bar jihohin kudu suna gudun wariya da talauci. A Shikago Rosetta ta ji kiɗe-kiɗen birni, irin su bulus da jaz, ta haɗa da na coci da ta taso da shi. Daga can suka riƙa yawon wa'azi gari-gari, wani lokaci cikin rumfa, wani lokaci a bakin titi.

A nan ne hannunta ya samu abin da ya bambanta ta da kowa, kuma ina so ki gane shi, don shi ne tushen labarin. Galibin masu jita na wancan zamani sharar tsirkiyoyin suke yi gaba ɗaya, don kawai su raka murya. Ita kuwa tsinkar su take yi ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar yadda gwanin gurmi ke sa gurminsa magana. Ta ba da waƙa da baki, jita ta amsa mata, ta zama ita ce zabiya ita ce 'yar amshi. Sannan wanda ke kiɗa a bakin titi ba lasifika dole ya koyi ƙarfi, in ba haka ba hayaniyar motoci ta haɗiye shi. Shi ya sa da fari ta riƙe jita mai jikin ƙarfe, wadda ta fi ta katako amo, kafin a shekarun 1940 ta koma mai lantarki. Wannan sauri, da ƙarfi, da sa jita ta fito gaba ta yi magana, su ne daga baya samari suka ɗauka aka kira shi sabon kiɗa.

A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi na ɗariƙarsu, Thomas Tharpe. Waɗanda suka san su sun ba da labarin cewa zaman bai yi daɗi ba, sun ce ya ɗauke ta ne hanyar cin abinci, tun da ita ke tara jama'a. A 1938 ta bar shi, ta tafi birnin Niyok tare da mahaifiyarta. Amma dubi wani abin mamaki, 'yar'uwa. Sunan Tharpe da duniya ta san ta da shi har yau, na wannan mijin ne da ta bari. A al'adarsu mace sunan miji take ɗauka, ta riga ta fara suna da shi, sai ta riƙe. Tun daga nan kin ga yadda maganar suna ta fara yi mata.

Shekarar 1938 ita ce ta buɗe mata ƙofa. A ƙarshen Oktoba ta ɗauki waƙoƙi huɗu a kamfanin faifai na Decca, tana da shekara 23, kuma suka samu kasuwa nan take. Ta yi wasa a Cotton Club, wani shahararren gidan rawa da baƙaƙe ke kiɗa, fararen fata masu kuɗi ke kallo. A watan Disamba ta hau dandalin Carnegie Hall, zauren da manyan makaɗan duniya ke alfahari da hawa. 'Yar masu tsinkar kaɗa ta zama abin magana a babban birni.

Sai dai abin bai zo mata a sauƙaƙe ba. Mutanen cocinta da yawa ransu ya ɓaci, kuma suna da hujjarsu. Suka ce yaya za a ɗauki waƙar ibada a kai ta inda ake shan giya ana rawa? Ita kuma ganinta shi ne, mutanen gidan rawa su suka fi bukatar jin wa'azi. Wannan ja-in-ja ta bi ta har ƙarshen rayuwarta. Abin ya ƙara tsanani bayan 1941, da ta shiga ƙungiyar kiɗan wani mutum mai suna Lucky Millinder. Masu tarihinta sun ce ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 7 wadda ta ba shi ikon zaɓen abin da za ta rera, sai ga ta tana rera waƙoƙin duniya da suka zubar mata da mutunci a idon mutanenta. Da ƙyar ta zare jiki ta koma waƙoƙinta na addini. Ke da ake kawo wa takarda a ce dangwala yatsa nan, ta gado ce, ko ta fili, ko ta bashin ƙungiya, ki tuna da wannan. Ki sa a karanta miki, kuma wanda zai karanta ya zama ba shi da riba a ciki.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake kwasar samarinmu na nan zuwa Bama, ta ɗauki wata waƙa mai suna "Strange Things Happening Every Day" tare da wani mai fiyano, Sammy Price. A Amurka akwai mujallar Billboard da ke jera faya-fayan da suka fi kasuwa kowane mako. A watan Afrilu na 1945 wannan waƙa ta kai ta biyu a jerin faya-fayan baƙaƙe, abin da waƙar coci ba ta saba yi ba. Masana kiɗa da dama a yau suna lissafa ta cikin faya-fayan farko na rok-an-rol, shekara 9 kafin faifan Elvis.

A 1946 ta haɗu da wata matashiyar mawaƙiya, Marie Knight, ta ɗauke ta suka riƙa yawo tare, muryoyinsu na amsa juna. Ki yi tunanin mata biyu baƙaƙe suna ratsa jihohin wariya a wancan lokaci. Za su cika zaure da dubban mutane, a yi musu tafi, a tashi, amma babu masaukin da zai ba su ɗaki, babu gidan abincin da zai bar su su zauna. Maganin da Rosetta ta yi shi ne ta samu babbar motar safa, aka rubuta sunanta a jiki, aka shirya wurin kwana a ciki. Mutane na ganin motar suna cewa ƙasaita ce, alhali rashin wurin kwana ne ya kawo ta.

A cikin irin wannan yawo, a 1947, ta je garin Macon na jihar Jojiya. Ta ji wani yaro ɗan shekara 14 yana rera waƙoƙinta kafin a fara wasa. Ta kira shi ya hau dandali ya yi waƙa, ta kuma biya shi. Wannan yaro shi ne Little Richard da na ambata miki da farko, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ranar ce ta sa shi a hanya. Wani shahararren mawaƙin, Johnny Cash, da ake karrama shi a 1992, ya ambace ta cikin waɗanda ya taso yana saurare. Elvis kansa ya taso a kudu yana jin faya-fayanta, kuma 'yan amshin da suka yi masa aiki shekaru da yawa, ƙungiyar Jordanaires, sun yi yawo da Rosetta kafin su san shi.

Ƙololuwar ɗaukakarta ta zo ranar 3 ga Yuli, 1951. Bayan aure na biyu da bai daɗe ba, ta yi na uku da wani mai suna Russell Morrison, kuma a filin wasa na Griffith da ke birnin Washintan aka ɗaura shi. Fiye da mutum 20,000 suka sayi tikiti suka shiga, wasu ma har da gudunmawa a hannu. Bayan ɗaurin aure amarya ta rataya jitarta bisa kayan amarci ta yi wasa, aka rufe da wasan wuta, kamfanin Decca kuma ya buga faifan bikin ya sayar. Masu tarihinta sun ce shawarar ta masu shirya wasa ce, don neman kuɗi. Ko ma dai ta wane ne, kin ga matsayin da ta kai. Angon nan kuwa shi ya zama manajanta, harkar kuɗinta ta koma hannunsa.

Daga nan rana ta fara karkata. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanonin faifai suka gano cewa kuɗin yana aljihun samari da 'yan mata fararen fata. Abin da suke nema shi ne saurayi mai jini a jika da zai yi waƙar soyayya da irin wannan kiɗa mai zafi. Rosetta ta kai shekara 40, mace ce, baƙa ce, kuma waƙarta ta addini ce. Sai aka ɗauki salon, aka bar mai salon. Waɗanda suka koya daga faya-fayanta suka zama taurari, hotunansu suka cika jaridu. Ita kuwa kasuwarta ta ja baya, har a 1957 gidan da ta saya da guminta a garin Richmond ya salwanta saboda bashin da ba a biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matar da ta cika filin wasa shekara 6 baya, ta kwashe abin da ya rage ta koma birnin Filadelfiya.

Amma abincin wani ba ya ƙarewa a gari ɗaya. A ƙarshen 1957 wani makaɗin Ingila, Chris Barber, ya gayyace ta yawon wasa a ƙasarsu, Turai kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu. Wasan da aka fi tunawa shi ne na watan Mayu 1964, wanda gidan talabijin na Granada ya shirya a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta, garin nan da 'ya'yanku ke kallon ƙwallonsa. Aka zaunar da 'yan kallo a ɗaya ɓangaren tashar, makaɗa a ɗayan, layin dogo a tsakani. Sai ruwan sama ya kece. Ga ta nan ta iso cikin keken doki, dattijuwa mai shekara 49, da doguwar rigar sanyi da takalmi mai tsini. Ta taka jiƙaƙƙen dandali, ta rataya farar jitarta mai lantarki, ta buɗe da waƙar ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Hoton wannan wasa yana nan a intanet, miliyoyin mutane sun kalle shi. A shekarun nan ne samarin Ingila suke koyon kiɗan baƙaƙen Amurka, suka kafa ƙungiyoyinsu, suka sake mayar da shi Amurka a matsayin sabon abu.

Jiki kuwa ya fara gajiya. Mahaifiyarta, abokiyar tafiyarta tun tana yarinya, ta rasu a ƙarshen shekarun 1960. Rosetta tana fama da ciwon suga. A 1970, tana yawon wasa a Turai, ɓarin jikinta ya taɓu, daga baya kuma ciwon ya ci ƙafarta har aka yanke guda. Duk da haka ta ci gaba da wasa a zaune. Bari in ɗan tsaya nan, don ciwon nan yana gidajenmu. In kika ga yawan ƙishirwa, da yawan fitsari musamman da dare, da rama ba dalili, ko miki a ƙafa da ya ƙi warkewa, ki nemi izinin maigida ki je asibiti. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya ɗaukar lokaci. Rigakafi ya fi magani.

Ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 1973, a Filadelfiya, tana da shekara 58, ana gobe za ta shiga ɗaukar sabon faifai. Tsohuwar abokiyarta Marie Knight ita ta zo ta shirya gawarta. Aka binne ta a maƙabartar Northwood. Mu a nan ba mu damu da rubutu a kabari ba, addu'a muke bin mamaci da ita. Amma a al'adarsu ta can, dutse ake kafawa mai ɗauke da sunan mamaci da shekarunsa, kuma ko talaka iyalinsa na ƙoƙarin yi masa. Kabarin Rosetta ya zauna shekara 35 babu ko harafi ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, babu ɗa ko ɗiya da za su tsaya mata. A 1986 aka fara karrama gwarzayen rok-an-rol a wani zaure na musamman da aka kafa don tunawa da su. Elvis, da Chuck Berry, da Little Richard duk suna cikin rukunin farko. Sunanta bai fito ba.

To yaya aka yi sunan ya dawo? Sannu a hankali, kuma rubutu ne ya yi mafi yawan aikin. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta. A 2007 wata malamar jami'a, mace, mai suna Gayle Wald, ta fitar da littafin tarihinta, bayan ta bi tsofaffin da suka san ta ta ji daga bakinsu tun suna raye. A watan Janairu na 2008 aka shirya wasa aka tara kuɗin dutsen kabarinta, gwamnan jihar Pennsylvania ya ware ranar 11 ga Janairu don tunawa da ita, aka kuma kafa dutsen. A 2011 aka yi fim ɗin tarihinta aka nuna a talabijin na BBC. Sai a 2018, shekara 45 da rasuwarta, shekara 32 bayan yaran da suka koya daga gare ta, aka sa sunanta a wancan zaure na gwarzaye. Yau ana kiranta uwar rok-an-rol. Da waccan malama ta yi jinkirin shekara goma, da yawan masu ba da labarin sun riga sun tafi.

Yanzu mu dawo gida. In na ce ki lissafa mini makaɗa maza, ba za ki yi numfashi ba sai kin kawo Narambaɗa, da Ɗan'anace, da Shata, da Ɗan Maraya Jos, da Gambu na Fagada nan ƙasar Maiyama. In na ce kawo mata, za ki ce Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, wataƙila ki ƙara Uwaliya Mai Amada, sai ki tsaya. Su ma don an ɗauki muryoyinsu a kaset ne. Amma waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da muka gada, wa ya ƙaga su? Mata ne irinki, cikin gidaje irin naki, kuma ko ɗaya ba mu san sunanta ba.

Bar ma maganar waƙa. Daddawar da ake zuwa saye gidanku daga wata unguwa, wa ya fara ta a gidan? Hular da maigida ke sawa ranar Juma'a a yaba masa, wa ya zauna wata guda a kanta da allura? Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke fita kasuwar Jega, ana sanin ɗan kasuwar da ya sara, ba a sanin hannun da ya matse. Akwai malamai da alƙalai da likitoci a garuruwan nan namu da kuɗin fura da adashi suka kai su makaranta, amma in an tashi ba da tarihinsu, sunan uba da kaka kaɗai ake ji. Kunya ta hana mu faɗin sunan uwa a bainar jama'a, wannan tarbiyyarmu ce kuma ba ina cewa a zubar da ita ba. Sai dai kunyar faɗi a waje ba ta hana a sani a cikin gida.

Muna da misali a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, tun kafin a haifi uwar Rosetta, amma har yau muna kiran sunanta, muna sanin aikinta na 'yan taru da jajis ɗin da take aikawa ƙauyuka su karantar da mata. Ita ma a cikin gida ta yi aikinta. Abin da ya tsare sunanta shi ne ta yi rubutu, aka kwafa, aka ajiye, ɗalibai suka miƙa wa ɗalibai.

Saboda haka ga ɗan aikin da zan bar miki, 'yar'uwa. Yau da dare, bayan an ci tuwo an kwashe kwanuka, ki zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ko inna ce, ko kaka, ko uwar miji. Ki tambaye ta wa ya koya mata sana'ar da take yi, ita kuma waccan wa ya koya mata, daga wane gari ta zo, me ta yi da abin da ta samu. Ki kira ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta, da boko ko da ajami, ko a bayan littafinta ne. In ke kina iyawa, ki rubuta da hannunki. Kada ki manta da waɗanda ba su haihu ba, gwaggo ko kishiyar uwa da ta yi renon rabin gidan, don su ne sunansu ke fara ɓacewa. Ki adana takardar a ƙasan akwati inda kike ajiye abin da kike ji da shi. In kina koya wa ɗiyarki murza ko saƙa, ki gaya mata daga hannun wa abin ya fito, don ta san wadda za ta yi wa addu'a.

Rosetta ta yi sa'a, faya-fayanta sun jira har aka zo nemansu. Tsofaffinmu ba su da faifai, abin da ke kansu yana tafiya tare da su ranar da aka ɗauke su. Ki tambaya tun suna iya amsawa.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.